Tarihin "Re:" da Wutsiyar Imel da Ta Kusa Raba Gidanmu



Akwai wata takarda da Babanmu yake ajiye da ita a jakar da yake saka fasfo. Shafi tara ce, an buga ta a wani shagon intanet a Kano a 2006, har tawadar ta fara koɗewa. A samanta an rubuta "Re: Re: Fwd: Re: jikin Hajiya". Layi biyu na farko ni na rubuta su. Sauran shafi takwas da ɗoriya kuwa ban ma san na aika da su ba. Wannan takarda ce ta sa Kawunmu ya yi kusan shekara biyu ba ya ɗaga wayar Baba, kuma ita ce ta sa daga baya na zauna ina tono tarihin wani abu da yawancinmu muke yi sau ashirin a rana ba tare da tunani ba, wato danna maɓallin amsa. Zan dawo kan Kawu. Amma sai mun fara komawa baya tukuna, in ba haka ba ba za ku gane yadda aka yi na tafka wannan aika-aika ba.

Waɗanda aka haifa a nan Landan irina a shekarun 1980 za su tuna da shuɗiyar takardar nan ta jirgin sama, wadda ake rubutu a cikinta a ninke a lashe bakinta. In Baba ya aika da ita gida, sai ta yi mako biyu ko uku a hanya, amsar ma haka. Sau da yawa wasiƙu kan yi saɓani, taka tana tafiya tasu tana tahowa. Shi ya sa duk wasiƙar da ta zo daga gida, bayan dubun gaisuwa da tambayar lafiyar iyali da sanyi, abu na farko da mai rubutu yake faɗa shi ne ya samu takardarka ta ranar kaza ga watan kaza, ya kuma fahimci abin da ke ciki. Sannan ya ce "bayan haka", ya ɗauko maganganunka ɗaya bayan ɗaya: maganar fili da ka yi, ga yadda ake ciki, maganar auren wance, an ɗaga sai bayan Sallah. Ba wanda yake kwafe wasiƙarka gaba ɗaya ya maido maka da ita. Wa ke da wannan lokacin? Tuna maka kawai yake yi da abin da ka ce, daidai yadda za ka gane amsar.

A ofisoshin Turawa ma haka abin yake tun zamanin tafireta. Wannan "Re" da muke gani, da yawa mun ɗauka gajarta kalmar amsa ce ta Turanci. Asalinta daga harshen Latin take, ma'anarta "game da batun", kuma lauyoyi da akawuna sun daɗe suna sa ta a saman takarda kafin a san wani abu kwamfuta. "Cc" kuma daga takardar kabon ta samo asali, baƙar takardar nan da ake sakawa tsakanin farare biyu don a sami kwafi. Ka ga ke nan imel gadon ofis ya ci.

Shi imel tsakanin kwamfuta da kwamfuta a 1971 ya fara, a hannun wani injiniya mai suna Ray Tomlinson da ke aiki a kamfanin BBN kusa da Boston a Amurka. Shi ne ya zaɓi alamar @ don raba sunan mutum da sunan na'urar da yake. A kan ARPANET aka yi wannan, wato hanyar sadarwar da ma'aikatar tsaron Amurka ta ɗauki nauyi, wadda ta haɗa wasu jami'o'i da cibiyoyin bincike. Abin ya karɓu nan da nan. Zuwa 1973 an ƙiyasta kashi uku cikin huɗu na abin da ke yawo a hanyar duk wasiƙu ne. To amma abin da ya ba ni mamaki da na karanta shi ne, a shekarun farko babu maɓallin amsa sam. Manhajar karantawa daban, ta aikawa daban. In aka rubuto maka, sai ka fita daga wannan ka shiga waccan, ka sake buga adireshin mutumin da hannunka baƙi bayan baƙi, ka sake buga kan maganar. Ka kuskure harafi ɗaya, wasiƙa ta ɓata.

Sai a 1975 wani mai suna John Vittal ya rubuta manhajar da ya kira MSG, ya sa mata umarnin amsawa. Ka danna, ita da kanta ta ɗauko adireshin wanda ya rubuto da kan maganar ta cika maka. Ƙaramin abu ne a ido, amma waɗanda suka ga zamanin sun ce daga nan ne imel ya tashi daga aika takarda ya koma hira. Da amsa ta yi sauƙi sai ta yi yawa, da ta yi yawa kuma sai tambaya ta taso: wannan amsar ta wace magana ce?

Injiniyoyin sun warware rabin matsalar ta hanyar da ba ma gani. Kowane imel yana da wasu layuka a ɓoye a samansa. A ƙa'idar da suka fitar a 1977, wadda David Crocker ya sake tsarawa a 1982 da sunan RFC 822, kowace wasiƙa tana ɗauke da lambar shaida tata ita kaɗai, wadda ba ta da irinta. In ka amsa, amsarka tana ɗaukar tata lambar, sannan akwai layin da ke faɗin lambar wasiƙar da ta haife ta, da wani layin da ke jero na gaba da ita. Wane ɗan wane jikan wane, kamar mai karanto asalin gidansu. Da wannan silsila ce manhaja take ɗinke wasiƙu wuri ɗaya su zama zare guda. Wato dai abin nan da Kawu yake yi da alƙalami, "na samu takardarka ta ranar kaza", shi na'ura take yi a ɓoye har yau, don ƙa'idar da aka sabunta a 2001 da 2008 ba ta taɓa wannan ginshiƙi ba.

A nan ne wani ladabi ya samo tushe, wanda 'yan uwanmu na gida suka fi kowa karya shi, mu ma ba a bar mu a baya ba. In kana da sabuwar magana, buɗe sabuwar wasiƙa. Kada ka nemo tsohuwa ka danna amsa don kawai kana ƙyuyar buga adireshi. Ko ka goge kan maganar ka sa wani, lambar asalin tana nan, na'ura na iya kai ta ƙarƙashin tsohon zaren ta binne. Wallahi akwai shekarar da labarin rasuwar wata gwaggonmu ya iso akwatina ƙarƙashin "Re: Barka da Sallah". Kwana uku ban buɗe ba, na ɗauka gaisuwa ce ake ta maimaitawa. Ban ga laifin yaron da ya aiko ba. Minti talatin ya saya a shagon intanet, rabinsu sun tafi wajen jiran shafi ya buɗe, abin da ya fi masa sauƙi shi ya yi.

Ɗaya rabin matsalar kuwa na mutane ne, na'ura ba ta iya warware shi. In za ka amsa, me za ka yi da maganar wanda ya rubuto maka?

Mutanen farko sun saba da wata hanya. Manhaja za ta kwafo maka wasiƙar, ta sa alamar > a farkon kowane layi don a san ba maganarka ba ce. Kai kuma sai ka goge duk abin da ba ka bukata, ka bar layi ɗaya ko biyu, ka rubuta amsarka a ƙarƙashinsu. Ka sake barin wani layin, ka sake amsawa a ƙasa. In magana ta yi zagaye biyu sai ka ga >>, ka san wannan ta riga waccan. Ba wai sun fi mu tarbiyya ba ne, dole ce ta sa su. Fuskar kwamfutar lokacin layi 24 take ɗauka, kowane layi baƙi 80. Akwai modem ɗin da baƙi 30 kacal yake kawowa a daƙiƙa ɗaya, kana zaune kana kallon rubutu yana fitowa kamar ana yi maka shifta. In wani ya maido maka da wasiƙarka mai layi 60 don ya ce "na yarda" a ƙarshe, ya ci maka lokaci, wani lokacin har da kuɗi. Don haka gogewa ta zama ladabi.

A wannan makaranta Baba ya yi karatu. Ya zo Ingila neman digiri, ya samu aiki a ɗakin gwaje-gwajen wata jami'a a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da jami'o'in Birtaniya ke kan hanyarsu ta JANET. Yakan ba mu dariya da labarin cewa a lokacin adireshinsu a juye yake, da uk ake farawa a ƙare da sunan na'ura, saɓanin na sauran duniya, sai daga baya suka bi sahu. Da manhajar Pine ya saba, wadda Jami'ar Washington ta fitar a farkon shekarun 1990, baƙin allo da farin rubutu, babu hoto babu ado. Har yau in Baba ya amsa maka imel, layinka ne a sama, amsarsa a ƙasa. Na taɓa tambayarsa ko bai gaji da wannan wahala ba. Ya ce shi bai ga baƙon abu a ciki ba, don haka aka karantar da shi Ahalari da Ishmawi a zaure: ɗalibi ya janyo layi, malam ya fassara, ya sake janyowa, ya sake fassarawa. Ba a taɓa malamin da ya fara da fassara sannan a karanto nassi ba.

An rubuta waɗannan ladubba a takarda ma. A 1985 cibiyar bincike ta RAND a Kalifoniya ta fitar da wani ɗan rahoto na Norman Shapiro da Robert Anderson kan ɗa'a da ladabin imel. Cikin shawarwarinsu akwai cewa kada ka amsa kana cikin fushi, kuma ka ɗauka duk abin da ka aika zai dawwama, ba ka san idon da zai faɗa a kai ba. Bayan shekara goma, a Oktoban 1995, Sally Hambridge ta kamfanin Intel ta haɗa wata takarda mai lamba RFC 1855, wadda ta zama kamar littafin ladabin intanet. Na karanta ta fiye da sau ɗaya. Ta ce layi kada ya kai baƙi 65, sa hannunka a ƙasa kada ya wuce layi huɗu, rubutu da manyan baƙaƙe zalla ihu ne, wasiƙar da ta haura layi 100 doguwa ce ya kamata ka gargaɗi mai karatu. Ta ce in ranka ya ɓaci ka kwana tukuna kafin ka aika. Ta ce ka duba sauran wasiƙun da ke akwatinka kafin ka amsa, ƙila wanda ya nemi taimako ya riga ya ce a bari. Ta ce ka ɗauko daga maganar mutum daidai abin da zai sa a gane, kada ka kwaso duka. Ta kuma ja kunne a riƙa duba su wa ke cikin kwafi kafin a danna aikawa. Da na san da wannan takarda a 2006!

Abin tausayi, ta fito ne daidai lokacin da duniyar da ta haife ta take ƙarewa. A Yulin 1996 Sabeer Bhatia da Jack Smith suka buɗe Hotmail, imel kyauta ga duk mai iya shiga intanet. Yahoo ya kawo nasa a 1997, a ƙarshen shekarar kuma Microsoft ya saye Hotmail. A 1997 ɗin dai Outlook ya shigo ofisoshi. A nan Birtaniya Freeserve ya zo a 1998, ba kuɗin wata sai na kiran waya, shi ne ma ya shigo da intanet gidanmu, Mama tana ta faɗa an tare mata layi. Miliyoyin mutane suka shigo cikin 'yan shekaru, ba wanda ya zaunar da su ya koya musu komai. Manhajar da suka tarar ita ta zama malaminsu. Ita kuwa Outlook, in ka danna amsa, sai ta ajiye ɗan tsinken nan mai ƙiftawa a can sama, ta ja layi, ta jibge tsohuwar wasiƙar gaba ɗaya a ƙasa. Inda ka ga tsinke nan za ka fara rubutu. Ka gama ka aika. Wanda ya karɓa shi ma ya yi haka. Kowace amsa tana jan duk na baya, wutsiya tana ƙara tsawo.

Tsofaffin hannu sun yi ta ƙorafi shekara da shekaru. Baba yakan ce wannan kamar ka shiga gida ne ka ce "lafiya lau" tun ba a ce maka ina kwana ba. Ni dai ba zan ce hanyar ba ta da amfani ba, don na yi aikin ofis na gani. In magana ta yi mako biyu tana yawo sannan aka jawo wani sabo ciki, wutsiyar nan ita ce fayil ɗinsa, ya gangara ƙasa ya karanto daga tushe. Manaja mai wasiƙa ɗari biyu a rana yana son ya ga "e" ko "a'a" a layin farko. Da BlackBerry ya fito a 1999, mutane suka koma rubutu da manyan yatsu biyu a ɗan allo, wa zai tsaya yana goge layuka? Ko ni yau a wurin aiki a sama nake amsawa, in na yi irin ta Baba sai a ɗauka wasiƙar ba komai a cikinta. Abin da nake gani shi ne, gardamar sama ko ƙasa ta ɓoye ainihin abin da aka rasa. Mai amsawa a tsohuwar hanya dole ya karanta abin da zai aika, tun da shi zai zaɓi na gogewa da na bari. A sabuwar hanya kana iya aika shafi tara ba ka karanta ko ɗaya ba.

Su ma masu ɗinke zare sun sha wahala a wannan zamani. Wasu manhajojin ba sa sa lambar asali yadda ya kamata, sai a koma dogaro da kan magana. Ga shi kuma an fassara "Re" zuwa harsuna: Bajamushe ya amsa ta zama "AW", mutumin Suwidin ya amsa ta zama "SV", kan magana ya koma jerin gwanon AW: Re: SV: Re: har ainihin batun ya ɓace a gefen allo. Ƙa'idar 2001 sai da ta fito fili ta ce guda ɗaya ta isa. Wani matashi mai suna Jamie Zawinski, wanda ya yi aikin sashen wasiƙu na Netscape a tsakiyar shekarun 1990, ya tsara dabarar da ke bin lambobin asali, in ta tarar an rasa wata wasiƙa a tsakiya ta bar mata gurbi, in lamba ta gagara sannan ta duba kan magana. Manhajoji da dama sun ara, har ta shiga ƙa'ida a 2008.

Sai Gmail, ranar 1 ga Afrilun 2004. Mutane sun ɗauka wasan ranar wawaye ne, don ya ba da gigabait guda alhali Hotmail megabait 2 yake bayarwa, Yahoo kuma 4. A da kana goge wasiƙu don akwati kada ya cika, yanzu an ce maka kada ka goge komai. Ya kuma tattara duk wasiƙun magana ɗaya ya jera su kamar katunan da aka ɗora kan juna, sannan ya naɗe wutsiyar kowacce ya ɓoye, sai in ka danna ka ce a nuna maka. Abin ya yi kyau a ido ƙwarai. Sai da gayyata ake samunsa har zuwa 2007, ni ma wani abokina ne ya gayyace ni, ina ta yi wa 'yan Hotmail yanga. Wutsiyar dai tana nan, ba a yanke ta ba. An daina nuna mana ita ne kawai.

To, mu dawo kan Kawu.

A damunar 2006 Hajiya, mahaifiyar Baba, ta kwanta asibiti a Kano. Mu huɗu ne muke magana ta imel: Baba, da Yayata da ke Amurka, da ƙanena, da ni. Kullum ana ta amsa a kan zare ɗaya, yau an ce jiki da sauƙi, gobe an ce ana bukatar jini. Kawu, ƙanen Baba, shi ke jinya, ta hannunsa kuɗi ke bi. Wani dare Yaya ta dawo daga aiki a gajiye, ta rubuta abin da ke ranta. Ta ce sau uku ana tura kuɗi ba a ga rasit ko ɗaya ba, ita ba ta yarda da Kawu ba, har ta tono wata tsohuwar maganar fili. Baba ya amsa mata a wasiƙa daban, ita kaɗai, ya ce ta bar wannan magana. A wurinsa an rufe babi. Amma ƙanena ya riga ya amsa a kan tata, ni kuma na amsa a kan tasa, aka ci gaba. Bayan mako uku maganar Yaya ta nutse can ƙasa, ƙarƙashin wasiƙu goma sha wani abu, ba mai ganinta.

Ranar da na tura kuɗin da muka haɗa, ina sauri zan fita, sai na buɗe zaren na danna amsa wa kowa, na ƙara adireshin ɗan Kawu a kwafi don ya kai wa mahaifinsa lambar karɓar kuɗin. Na rubuta lambar, na ce a gaida Hajiya da jiki. Akwatin rubutun ƙarami ne, layukan farko kawai nake gani. Na aika.

Shi yaron Yahoo yake amfani da shi, ba abin da aka naɗe masa. Bai ma karanta ba, Allah ya sani. Ya ce wa mai shago ya buga masa don kada ya yi kuskuren lamba, firinta ta yi ta aman takarda har shafi tara, ya biya kuɗin da bai yi niyya ba, ya kai wa Kawu a asibiti. Kawu tsohon malamin makaranta ne, Turancinsa ya fi namu. Kuma mutum ne da ya saba in an ba shi wasiƙa ya karanta ta daga sallama har wasalam. A kan bencin asibiti ya zauna ya karance ta tas, uwarsa tana kwance a ciki.

Bai kira kowa ba. Ya karɓo kuɗin, ya biya abin da za a biya, ya ci gaba da jinya har Allah ya ba Hajiya sauƙi. Bayan wata guda wani mai zuwa Landan ya kawo wa Baba ambulan. A ciki akwai shafi taran nan, an ja jan biro ƙarƙashin layukan Yaya, da wani littafin makaranta mai layi-layi inda Kawu ya rubuta duk abin da ya kashe da kwanan wata, har kuɗin acaɓa da na ruwan zafi. Jimlar ta fi abin da muka tura. Ashe babur ɗinsa ya sayar ya cike. Yawancin abin da ake saya a bakin asibiti ba mai ba ka rasit, mu da muka girma a nan ba mu san haka ba.

Daren nan Baba ya aiko mini da imel. Ya goge komai da komai, ya bar layi ɗaya tak daga cikin nawa, wanda na ce a gaida Hajiya da jiki, da alamar > a gabansa. A ƙarƙashi ya rubuta: "Ka karanta abin da ka aika?" Ban taɓa jin kunya irin ta wannan dare ba. Na so in ce laifin Yaya ne da ta rubuta, ko na ƙanena da ya amsa a kai, ko na manhajar da ta ɓoye. Duk akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma ita Yaya da mutum uku ta yi magana, ni ne na buɗe ƙofa na shigo da na huɗu.

Sai da Baba ya je gida da kansa a 2008, ya ɗauki Yaya suka tafi tare, ta durƙusa a gaban Kawu a zauren gidan Hajiya, sannan aka shirya. Ni ma na bi ta waya na ba da haƙuri. Kawu ya ce ya yafe, ya kuma tambaye ni, da gaske yake ba gatse ba, wai me ya sa mu 'yan Turai muke aika wa mutum wasiƙar da ba tasa ba a manne da tasa. Na rasa amsar da zan ba shi. Lokacin ban san labarin Vittal ko na Outlook ba, kuma ko na sani ban ga yadda zai sanyaya masa rai ba.

Ba mu kaɗai maɓallin nan ya taɓa kunyatawa ba. Waɗanda iyayensu ke aikin asibiti a nan za su tuna Nuwamban 2016, da wani saƙon gwaji ya kuɓuce ya faɗa akwatin ma'aikatan NHS kusan 840,000. Mutane suka yi ta danna amsa wa kowa suna cewa a cire su, wasu kuma suna amsa wa kowa suna cewa a daina amsa wa kowa, har imel ɗin hukumar ya riƙa rarrafe a ranar. Mama tana cikin waɗanda abin ya faɗa wa. Ta dawo gida tana dariya, ta kalle ni ta ce ashe ina da 'yan uwa da yawa.

A 2016 ɗin nan ne kuma WhatsApp ya kawo dabarar da za ka zaɓi saƙo ɗaya ka amsa shi, guntun maganar mutum ya fito a sama, taka a ƙasa. Ƙannenmu sun ɗauka sabon abu ne. Na nuna wa Baba, ya gyara tabarau ya duba, ya ce ai wannan ita ce alamar > ɗinsu, an yi mata fenti ne kawai. Shi da Kawu yanzu duk sun tsufa, idanu sun yi rauni, sun koma saƙon murya. In Kawu ya aiko nasa, minti shida ko bakwai, yakan fara da sallama da tambayar iyali ɗaya bayan ɗaya har jikoki, sannan ya ce ya samu saƙon Yaya na ranar Talata da daddare, ya kuma fahimci abin da ke ciki. Sai ya ce "bayan haka".